Tiramol ya daina kama ta, sai ta ƙara: nazarin gubar sirotonin a jikin wata mai abinci a Makka

Wannan nazari ne na abin da ya sami wata Bahaushiya mazauniyar Makka a tsakiyar zafin 2024. Magunguna uku ne suka haɗu a jikinta suka cika mata jijiyoyi da sinadarin sirotonin, wanda jijiyoyi ke aika wa juna saƙo da shi, har ta kai ga kwanciya a sashen kulawa ta musamman. An sakaya sunanta da na asibitocin da ta bi. Kafin a gano ciwon, an ce zafin rana ne, an ce iska ce, an ce tiramol ne ya yi mata yawa. Na ukun ya fi kusa, amma shi ma rabin labarin ne.

Ko wace ce

Shekarunta 43. 'Yar ƙasar Kano ce, aure ya kawo ta Makka tun tana yarinya, a nan ta haifi 'ya'yanta huɗu. Tana zaune da iƙama, wato takardar izinin zama, a unguwannin da Hausawa suka yi yawa a kewayen Sharar Mansur. Mijin ya rasu da daɗewa. Abinci take sayarwa: ɗanwake da safe, tuwon shinkafa da miyar kuka da rana, fura da yamma. Azumi da Hajji su ne kakarta, domin alhazan Najeriya da Nijar in suka kwana biyu suna cin shinkafar Larabawa da burodi sai su bazama neman tuwo. Babbar 'yarta, mai shekara 21, ita ke riƙe da waya da lissafin kuɗi. Yayarta na zaune a ƙasan benen da suke.

Ba ta da hawan jini, ba ta da sukari, ba ta taɓa farfaɗiya ba. Haihuwa ce kaɗai ta taɓa kwantar da ita a asibiti.

2022 zuwa Mayun 2024: ciwon baya

A 2022 ta sunkuya za ta sauke tukunya daga kan wuta, baya ya riƙe. Likita ya rubuta mata tiramadol, wanda kowa ke ce wa tiramol, miligiram 50 sau biyu a rana na kwana biyar, ya ce ta huta. Hutun bai samu ba. Da maganin ya ƙare ta koma, likitan ya ƙi sake rubutawa, domin a Saudiyya tiramadol na cikin magungunan da hukuma ke sa wa ido, saidaliyya, wato kantin magani, ba ta bayar da shi sai da takarda ta musamman. Ya ba ta Panadol da man shafawa.

Wata mai sayen abinci a wurinta ce ta haɗa ta da mai kawowa daga gida. Wanda ya zo mata ba 50 ba ne, 225 ne, irin wanda ake yi a Indiya ana fasa-ƙwaurinsa zuwa Afirka ta Yamma. Hukumar NAFDAC ta Najeriya 50 da 100 kaɗai ta amince da su, kuma iyakar abin da likita zai ba babban mutum a yini guda miligiram 400 ne. Da farko raba ƙwayar take yi biyu, rabi da asuba kafin ta hura wuta, rabi da la'asar. Zuwa ƙarshen 2023 guda take haɗiyewa da asuba, in aiki ya yi yawa ta ƙara rabi. Ba maye take nema ba, ba kuma wanda ya taɓa ganin ta tana layi. Abin da ta faɗa daga baya shi ne in ta sha, baya ya saki, jiki ya yi ƙarfi, rai ma ya yi daɗi.

'Yarta ta san da ƙwayar, tunda ita ke biyan kuɗin. Yayarta ma ta sani. Amma maganar ba ta wuce ƙofar gidan. Hausawan Makka da Madina ba su manta da ɗalibar nan 'yar Najeriya da aka kama a Madina a Disambar 2018 ba, saboda wata jaka mai tiramol da aka maƙala wa sunanta a filin jirgi, ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, sai da ta yi wata huɗu a tsare kafin a sake ta a Afrilun 2019. In mara laifi ta ga haka, ina ga mai shi a ƙarƙashin katifa.

A azumin 2024, cikin watan Maris, mahaifiyarta ta rasu a Kano. Ba ta samu zuwa ba. Daga nan barci ya ƙaurace mata, abinci ya fita daga ranta, sai kuka a madafa in ba kowa.

Yuni 2024: magani na biyu

A makon farko na Yuni ta je wani mustausaf, wato ƙaramin asibiti, mai zaman kansa ita kaɗai, a unguwar da ba a san ta ba. Likitan ya saurare ta, ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta mata fuloksetin, wanda aka fi sani da Prozac, miligiram 20 kowace safiya. Ya tambaye ta ko tana shan wani magani. Ta ce Panadol. Ya gaya mata sai an yi mako huɗu zuwa shida kafin ta ji aikinsa sosai, ta dawo bayan wata guda.

Wannan kuma mutanen gida ta ɓoye wa. Tana da 'ya da ake neman aurenta, ba ta so a ji uwar amarya na shan maganin ƙwaƙwalwa. Ta yar da kwalin, ta cusa katin a jakar da take ajiye fasfo.

Hajji ya kama 14 zuwa 19 ga Yuni. Zafin shekarar ya kai digiri 51.8 a Masallacin Harami, kuma hukumomin Saudiyya sun ce alhazai 1,301 ne suka rasu. Ita tana tsaye kan wuta daga asuba har dare. A waɗannan kwanaki ne ta lura tiramol ya daina kama ta. Baya ya ƙi saki, ga wata kasala da hamma da ciwon gaɓoɓi da ba ta saba ji ba. Ta ce jabu aka kawo mata. Ta canza mai kawowa, ba ta canza zani ba. Sai ta koma biyu a rana, miligiram 450. Kafin watan ya mutu ta kai uku, 675.

Fuloksetin ɗin ma da ta ga mako uku ba wani sauyi, ta mayar da shi biyu, miligiram 40, ba tare da ta koma wurin likitan ba.

Farkon Yuli: alamun da aka ɗora wa zafi

Gumi ya fara keto mata ko da mukayyif na hura sanyi. Zawo sau uku ko huɗu a rana. Hannu na rawa har ludayi na ƙara a bakin tukunya. Da dare ƙafafu na zabura su tashe ta. Abu kaɗan sai faɗa, ita da aka sani da haƙuri.

Duk wanda ya gani ya ce zafi ne da gajiyar Hajji. An ba ta ruwan gishiri da sukari, an ba ta laban, an ce ta rage tsayuwa kan wuta. Zawon bai tsaya ba, rawar hannun ma haka.

Sai tari ya zo, irin wanda alhazai ke bar wa mutanen Makka duk shekara. 'Yar ta sayo maganin tari na ruwa a saidaliyya, mai ɗauke da sinadarin dekstrometofan. Ba a bi ma'aunin da ke jikin kwalba ba. Duk lokacin da tarin ya taso sai ta kurɓa. Kwalba ɗaya ta ƙare cikin kwana biyu, aka sayo ta biyu.

Wata Talata a ƙarshen Yuli: a gida

An ba ta aikin abincin suna. Ta sha 225 da asuba, wata da hantsi, wata da azahar, da bayan ya ƙi saki ta ƙara ta huɗu da la'asar. Miligiram 900 ke nan cikin kusan awa 11, ga fuloksetin 40 na safe, ga maganin tari.

Wajen ƙarfe 5 na yamma ta fara magana ba kan gado, tana fizge mayafi, ta kasa zaune ta kasa tsaye. Bayan magariba ƙafafunta suka riƙa fizga, haƙora na haɗuwa, ƙwayar ido na kai-komo da kanta. Yayarta ta duba ta ce wannan ba na asibiti ba ne, ta aika aka kira malami.

An yi ruƙiyya kusan awa ɗaya da rabi. Saboda fizge-fizgen, mata uku suka danne ta, biyu a ƙafa ɗaya a kafaɗa. Suna dannewa tana ƙara ƙoƙarin ƙwacewa, gumi ya jiƙa katifa. 'Yar ta taɓa goshinta ta ce, "Inna, jikin Umma wuta ne fa." Aka narka Panadol biyu aka ɗura mata, ta amayar. Malamin da kansa ne ya dakata ya ce a kai ta asibiti, shi zai ci gaba da addu'a daga nan. Ba a kira is'af, wato motar ɗaukar marasa lafiya, a 997 ba, don gudun kada motar hukuma ta zo a bankaɗo katifa. Maƙwabci ne ya ɗauke su a motarsa zuwa mustausaf mafi kusa.

Ƙarfe 9 na dare: mustausaf

Zafin jiki 39.3, bugun zuciya 128 a minti. An tambayi aikinta, aka ce girki. Mai girki, a Makka, a watan Yuli, mako biyar bayan Hajjin da rana ta yi ɓarna: likitan ya rubuta bugun rana. Aka sa mata ƙarin ruwa, aka ba ta farasitamol ta jijiya da allurar tsayar da amai. An yi gwajin maleriya, babu. Da aka tambayi magungunan da take sha, 'yar ta ce na tari da Panadol.

Bayan awa guda zafin ya hau 39.8. An ɗaure hannayenta a jikin gado don kada ta fizge robar ƙarin ruwa. Ƙarfe 10 da rabi ta yi jijjiga ta kusan minti biyu. Nan ne aka kira is'af.

Ƙarfe 11 da rabi: babban asibiti

A cikin motar 'yar ta gaya wa ma'aikacin cewa uwarta na shan tiramol, ta faɗi adadin. Sun isa matar na cikin magagin bayan jijjiga, numfashi ba daidai ba. Ƙaramin likitan da ya karɓe ta ya yi mata allurar naloksan, miligiram 0.4, makarin dangin mofin da kodin da hodar hiroyin, wanda ke tashin mutumin da numfashinsa ke neman ɗaukewa. Ta farka, amma ta fi ɗazu birkicewa, ta yi amai. Bugun zuciya 142, zafin jiki 40.1, jini 168 bisa 98.

Babbar likitar da ke aiki a daren 'yar Sudan ce daga yankin Sinnar, inda Hausawa suka zauna tun hijirar da ta biyo bayan faɗuwar Sakkwato a 1903, kuma tana jin Hausa. Ido ta fara dubawa. Wanda dangin mofin suka yi wa yawa, baƙin idonsa tsukewa yake yi, numfashi ya yi ƙasa, ciki ya yi shiru. Wannan matar baƙin idonta a buɗe yake, numfashi 28 a minti, hanji na ƙugi, fata sharkaf. Ta lanƙwasa hannu, ya lanƙwasu. Ta lanƙwasa ƙafa, ta ƙi. Ta buga gwiwa da ɗan gudumarsu, ƙafar ta yi tsalle. Sannan ta kama tafin ƙafar ta tura shi sama da sauri ta riƙe, sai ƙafar ta ci gaba da bugawa ita kaɗai kamar mai taka keken ɗinki, ba ta tsaya ba sai da aka sake ta.

Wannan bugawar ita ce ginshiƙin ƙa'idar da ake kira ta Hunter, wadda likitocin guba na Niyukasil ta Ostireliya suka fitar a 2003 bayan nazarin marasa lafiya sama da 2,000 da suka sha magani fiye da ƙima. Mutumin da ya sha abin da ke taɓa sirotonin, in ƙafarsa na wannan bugawa tare da gumi ko birkicewa, gubar sirotonin ce. Ƙa'idar na kama kashi 84 cikin 100 na masu ciwon, tana kuma ware kashi 97 cikin 100 na waɗanda ba su da shi. Babu gwajin jinin da ke nuna ciwon. Da hannu da ido ake gano shi.

Likitar ta sa aka kwance ɗaurin. Ta ja 'yar gefe.

"'Yata, ni ba 'yar sanda ba ce. Tiramol shi kaɗai yana iya kawo wannan, amma na fi zaton da wani abu. Me kuma Ummanki ke sha?"

'Yar ta rantse ba ta san komai ba bayan na tari.

"To kira gida. A zazzage jakunkunanta duka, duk abin da ya yi kama da magani a turo hotonsa."

Bayan minti 20 ƙaninta ya turo hotuna ta WhatsApp. A ciki akwai kati biyu na fuloksetin daga jakar fasfo, ɗaya ba komai a cikinsa. 'Yar ba ta taɓa ganin su ba.

Abin da ke faruwa a jikinta

Sirotonin sinadari ne da jijiyoyi ke aika wa juna saƙo da shi. Jiki na ƙera shi daga tiriftofan, wanda ake samu a abinci. Kusan kashi 90 cikin 100 nasa a hanji yake, yana tafiyar da motsinsa. Ɗan ragowar da ke ƙwaƙwalwa da laka shi ke da hannu a yanayin rai, barci, sha'awar abinci, zafin jiki da ɗaurewar tsoka. A 1948 ne masu bincike uku a Kilibland ta Amurka, Rapport da Green da Page, suka tace shi daga jini suka raɗa masa suna. A ƙa'ida, in jijiya ta saki sirotonin ya isar da saƙo, sai ta zuƙe shi ta mayar ciki. Fuloksetin toshe wannan zuƙewa yake yi don sinadarin ya ɗan jima a tsakanin jijiyoyi. Ta haka yake maganin damuwa.

Tiramadol kuwa magani biyu ne a ƙwaya ɗaya. Kamfanin Grünenthal na Jamus ya fito da shi kasuwa a 1977 a matsayin ɗan gidan su mofin, amma ƙwayar kanta rauni gare ta a wannan fanni. Sai ta je hanta, wani inzayim mai suna CYP2D6 ya juya ta zuwa sinadarin da ake kira M1, wanda ke kama makarɓar mofin, wato gurbin da mofin ke maƙalewa a jikin jijiya ya yi aiki, har ninki 200 fiye da uwarsa. M1 ne ke ɗauke da babban aikin kashe ciwo, shi ne kuma ke sa sabo. Wanda hanta ba ta juya ba, aikin fuloksetin yake yi: yana hana jijiya zuƙe sirotonin. Wani ɓangare na daɗin ran da take ji in ta sha daga nan yake.

To fuloksetin na cikin magungunan da suka fi ƙarfin danne CYP2D6. Tun a Yuni hantarta ta rage ƙera M1. Ciwon baya ya dawo, jikin da ya saba da M1 ya fara nema, shi ne hammar da kasalar da ciwon gaɓoɓin. Ƙwayar ba jabu ba ce. Duk guda da ta ƙara, kaɗan ne ke zama maganin ciwo, sauran na taruwa a jini a siffar da ke tara sirotonin. Dekstrometofan ma hana zuƙe sirotonin yake yi, kuma CYP2D6 ɗin nan dai shi ne babbar hanyar fitar da shi daga jiki. Magunguna uku masu aiki iri ɗaya, ɗayan kuma ya tare wa biyun hanya.

Sauran alamun duk daga nan suka fito. A hanji, zawo da amai. A laka, tsoka ta ɗaure tana fizga. Zafin jikin ba irin na maleriya ba ne, inda ƙwaƙwalwa ce ke ɗaga ma'aunin jiki, farasitamol kuma ya sauko da shi. Nan tsoka ce ke aiki ba hutawa tana hura wuta, don haka farasitamol ba shi da inda zai kama. Dannewa da ɗaurewa sun ba tsokar abin kokawa da shi, zafi ya ƙaru, naman ya fara narkewa cikin jini. Jijjigar kuwa tiramadol na kawo ta shi kaɗai, musamman in an wuce 400, magungunan damuwa kuma suna ƙara haɗarin. Naloksan ya kori ɗan M1 da ya rage daga makarɓarsa, ya jefa ta cikin ƙishin ƙwaya nan take, bai taɓa sirotonin ba.

Tsakar dare zuwa asuba: abin da ya yi aiki

An dakatar da magungunan uku. An yi mata diyazifam, wato Valium, miligiram 10 ta jijiya, aka maimaita sau biyu cikin awa biyu, har tsoka ta fara saki, bugun zuciya ya sauko 110. An rage mata kaya, ana fesa ruwa fanka na kaɗawa, an sa ƙanƙara a hammata da matsematsi. Ƙarin ruwa mai yawa, da robar fitsari don a riƙa aunawa.

An zura roba ta hanci zuwa ciki, aka niƙa sifroheftadin miligiram 12 aka tura, sannan 2 duk bayan awa biyu har ta lafa, daga baya 8 duk bayan awa shida. Sifroheftadin shi ne Periactin, tsohon maganin ƙaiƙayi da mata suka fi sani a matsayin maganin ƙiba. Yana zama a kan makarɓar sirotonin mai lamba 5-HT2A, wadda aka fi danganta ta da zafin jiki da ɗaurewar tsoka. Ba shi da allura, shi ya sa sai ta roba. Hujjar amfaninsa rahotannin marasa lafiya ɗai-ɗai ne, ba babban gwaji ba, kuma likitoci da dama na ganin diyazifam da sanyaya jiki su ke ɗauke da nauyin aikin. An shirya cewa in zafin ya wuce 41.1 za a kashe tsokar gaba ɗaya da allura a ɗora ta a na'urar numfashi. Bai kai ba.

Da yake Makka ce kuma bayan Hajji, ba a yi wasa da sanƙarau ba. An fara maganinsa, aka ɗebi ruwan laka, ya fito tas, aka dakatar. Hoton kai lafiya lau. Gwajin fitsari bai nuna dangin mofin ba, domin gwajin da aka saba yi ba ya ganin tiramadol.

Da asuba zafin jiki 38.4. Ma'aunin narkewar tsoka, CK, ya kai 7,400, alhali na mai lafiya bai cika wuce 200 ba. Fitsari ya yi duhu, ma'aunin aikin ƙoda ya ninka biyu, alamar ƙodar ta taɓu.

Kwana na 2 zuwa na 9

Galibin masu gubar sirotonin sukan warware cikin awa 24 da daina maganin. Nata ya ja. Tiramadol na raguwa da rabi a jini cikin kusan awa shida, amma fuloksetin ga wanda ya jima yana sha sai kwana huɗu zuwa shida, abin da hanta ke juya shi ya zama kuma yana iya kai mako biyu. Hankalinta ya dawo da yammar rana ta biyu. Bugawar ƙafar sai rana ta huɗu ta ɓace, ranar aka tsayar da sifroheftadin aka fitar da ita daga sashen kulawa ta musamman.

A rana ta uku gumi da zawo da rawar jiki sun dawo, hankalin dangi ya tashi. Amma wannan karon da hamma da majina, tsigar jiki na tashi, zafin jiki 37.2, ƙafar kuma ta fi jiya lafawa. Ƙishin tiramol ne. Yayarta ta ce, "Dakta, ku ba ta ko rabi ne mana ta samu sauƙi." Aka ƙi. An kauce wa sauran dangin mofin irin su fetidin da fentanil da metadon ma, domin su ma suna taɓa sirotonin. An ba ta kolonidin, maganin da ke sassauta alamun ƙishin ƙwaya, kaɗan-kaɗan, da ruwa, da abin barci. Ta sha wuya kwana biyar.

A rana ta biyar likitan ƙwaƙwalwa ya tambaye ta ƙarara ko kashe kanta ta so yi. Ta ce a'a, abincin sunan take so ta gama. Ya sake tambaya washegari, ba kowa a ɗakin, amsa ɗaya. Yadda ta rarraba ƙwayoyin a tsawon yini ya yi daidai da maganarta. Damuwar dai tana nan.

Ƙoda ta farfaɗo a rana ta bakwai ba tare da an yi wankin ƙoda ba. An sallame ta a ta tara.

Agusta 2024 zuwa azumin 2025

An bar ta mako biyar ba maganin damuwa, tana zuwa ganin likita duk mako. Makonnin ba su yi mata daɗi ba. A Satumba aka fara mata sataralin, miligiram 25 sannan 50, shi kaɗai, katin a hannun 'yarta. Don baya kuwa Panadol da gashi da motsa jiki. Ba a yarda ta sha irin su ibufirofen ba sai da gwajin ƙoda na Oktoba ya fito daidai. An rubuta mata takarda da Larabci mai jerin abin da za ta guje wa: tiramadol, maganin tari mai dekstrometofan, fetidin, da linezolid, wani maganin ƙwayoyin cuta da ke hana jiki rushe sirotonin.

A Nuwamba ta sha rabin ƙwaya bayan wani aikin biki. Ba ta ɓoye ba. 'Yar ta kira 937, layin Ma'aikatar Lafiya, aka ce su je a duba ta. Rawar hannu ce da gumi, suka wuce kafin safe. Ta ɗauki yaro mai ɗaga tukwane, ta bar furar yamma, ciniki ya ragu. A azumin 2025 rabin yini take aiki.

Yadda nake kallon lamarin

Ta sha fiye da ƙima, ba musu. Amma wanda ya tsaya a nan ya ce 'yar ƙwaya ce ta wuce gona da iri bai fahimci komai ba. Kusan shekara biyu tana ƙasa da 400 a rana. Abin da ya kai ta 900 cikin mako bakwai maganin likita ne da ya sauya yadda hantarta ke sarrafa ƙwayar. Irin su fuloksetin in an sha su da yawa su kaɗai, kashi 14 zuwa 16 cikin 100 ne ke samun gubar, galibi mai sauƙi. Mai tsananin daga haɗi take zuwa, shi ya sa a 2016 hukumar magunguna ta Amurka ta sa aka rubuta gargaɗin a jikin duk dangin mofin.

Likitan Yuni ya san da fuloksetin, 'yar ta san da tiramol, mai saidaliyya ya san da na tari. Mutum ɗaya ce ta san duka ukun, ita kuma ba ta san suna da alaƙa ba. Ban ga laifinta a tsoron ba. Dokar Saudiyya ta 2005 kan miyagun ƙwayoyi ta tanadi cewa wanda ya kai kansa neman magani, ko danginsa suka kai shi, ba a gurfanar da shi, muddin ya miƙa abin da ke hannunsa. Amma mai iƙama ba kotu kaɗai yake tsoro ba, har da jirgin komawa gida. Likitan da ya ga mai girki da ciwon baya na shekara biyu ta ce Panadol kawai take sha, ya kamata ya sake tambaya, ya kuma faɗi sunan ƙwayar da bakinsa, ya ce in ana shan ta wannan maganin zai yi illa. Ko ba ta amsa ba, ta ji.

Game da ruƙiyya, addu'ar ba ta cutar da ita ba, malamin ma shi ya ce a tafi. Hannayen da suka danne ta ne suka yi ɓarna, kuma mustausaf ya maimaita abu ɗaya da igiya. Ba a gidajenmu kaɗai ake wannan ba. A 1984 Libby Zion, mai shekara 18, tana shan maganin damuwa mai suna fenelzin, aka yi mata allurar fetidin a wani asibitin Niyok, ta birkice aka ɗaure ta, zafin jikinta ya haura 41, ta rasu da safe. Mutuwarta ce ta jawo jihar ta ƙayyade awannin aikin ƙananan likitoci a 1989.

Zaton bugun rana ba wauta ba ne a wannan gari da wannan wata, ƙarin ruwan ma ya taimaki ƙoda. Sai dai ko bugun ranar ne, farasitamol ba ya masa magani, ruwa da fanka da ƙanƙara ake yi, kuma da an yi su da ƙarfe 9 da sun amfane ta ko da sunan ciwon bai yi daidai ba. Naloksan kuwa ba zan ɗora wa yaron likitan laifi ba. Wanda tiramol ya ɗauke wa numfashi, allurar nan ce ke ceto shi. Duba ido da tura tafin ƙafa ne ya tsallake, abin da ba ya cin rabin minti.

Inda aka fi yin asara shi ne farkon Yuli. Gumi a ɗaki mai sanyi, zawo, rawar hannu da zaburar ƙafa ga mai shan waɗannan magunguna, gubar ce a ƙaramar siffarta, kuma da an gane ta a lokacin da janye magani a hannun likita ya wadatar. Ciwon bayan da ya jawo duk wannan kuwa har yanzu ba a yi masa hoton da zai nuna musabbabinsa ba, domin inshorarta ba ta biyan kuɗinsa.